Magana a Kan Idon Zuci, da Abin da Ya Wajaba Shugaban Aiki Ya Gani da Shi

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, ko kana bisa buzu da allo a cinya, ko kana bakin rumfa da mudu a gabanka, wannan magana ce a kan wani ƙarfi da ke cikin ɗan Adam, wanda da shi yake ganin abu a zuciyarsa tun abin bai samu ba. Larabawa suna ce masa khayali. Mu kuwa mukan ce idon zuci, ko mu ce mutum ya suranta abu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa shi cikin rundunonin zuciya na ɓoye, tare da tunani da kiyayewa da tunawa. Maƙeri ba ya ɗaga guduma sai garmar ta riga ta tsaya a zuciyarsa. Magini yana ganin soro tun ƙasa tana kududdufi. Gwanin da ke rubuta Alƙur'ani da ka yana ganin inda aya za ta faɗa a takarda tun bai tsoma alƙalami cikin tawada ba.

To, mas'alar ita ce: wannan ido abin yabo ne ko abin zargi? Domin mun taso muna jin manya suna tsawata wa yaron da ya zauna ya yi tagumi, suna cewa saƙar zuci yake yi. Malamai kuma sun tsoratar da mu game da dogon buri, suka ce yana taurara zuciya yana sa jinkirin aiki. Kuma gaskiya suka faɗa. Kowa ya san mai ƙaramin jari wanda tun bai sayar da buhu ɗaya ba ya riga ya gina bene a zuci, ya aurar da 'ya'ya, ya sayi mota, har ya fara fushi da waɗanda za su zo roƙonsa. Amma kuma babu wata sana'a da ta ci gaba, babu wani gari da ya kafu, face sai da wani ya fara ganin abin da ba a gani ba. Ashe ido ɗaya ne, aikinsa ne ya kasu. Alamar da na fi dogara da ita wajen rarrabewa ita ce wannan: mai dogon buri kansa yake gani a ƙarshen hanya, an kewaye shi ana masa kirari, mai idon zuci na ƙwarai kuwa hanyar yake gani, da ƙayarta, da inda jaki zai durƙusa, da wanda zai tayar da shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ku almajirai kun san ƙissar Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ba sai na maimaita muku ba. Abin lura a cikinta ga wannan magana tamu shi ne, mafarkin na sarki ne, amma da an tsaya a kan mafarkin da Masar ta halaka. Abin da ya tserar da mutane shi ne tsarin da ya biyo baya: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan. Mutum yana tsaye cikin shekarun ƙoshi, rumbuna cike, amma yana kallon shekarun yunwa kamar sun riga sun iso. Wannan shi ne mafi wuyar gani, domin zuciya ba ta son suranta abin da take ƙi. Kowa yana iya suranta ranar girbi. Ranar da ƙwaro zai shiga rumbu kuwa sai namijin hankali.

Bari in kawo maka misali daga ƙasarmu, wanda fatake za su fi jin daɗinsa. A shekarar 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiya don yaɗa noman auduga a ƙasashen da suke mulka, suka suranta ƙasar Hausa ta zama gonar auduga guda ɗaya mai ciyar da injunansu. Wannan buri yana cikin manyan dalilan da suka sa aka jawo hanyar jirgin ƙasa har ta iso Kano a 1911, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Zariya. Sun ga audugar a zuci, sun ga jirgin, sun ga masaƙar. Abin da ba su gani ba shi ne manomin. Masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Gyaɗa kuwa, idan kasuwa ta ƙi, manomi ya ci abarsa, matarsa ta yi mai da ƙuliƙuli, dabbarsa ta ci harawa, ƙasar ma ta ƙara ƙarfi. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san zuciyar manomi domin da shi suke cuɗanya, su suka gane haka, suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi suna kama gyaɗa tun tana gona. Kakar 1912 ba ta ƙare ba sai ga gyaɗa ta taru a tashar Kano har jirgin ya kasa kwashewa. Hanyar da aka gina don auduga ta zama hanyar gyaɗa shekaru masu yawa.

A cikin mutanen wannan zamani akwai Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi almajiranci kamar yadda kuke yi, ya rasu a 1955. Kakanninsa fatake sun saba bin hanyar Gwanja da jakuna, tafiyar watanni, ana yayyafa wa goro ruwa ana canja masa ganye, ana biyan fito da kuɗin hanya. Shi kuwa ya dubi jirgin ruwan da ke tashi daga gaɓar Ankara zuwa Ikko, ya ga goronsa a ciki. Bai ƙera jirgin ba, bai shimfiɗa dogo ba, abubuwa biyu da ke gaban kowa ya haɗa. Mafi yawan sabon abu a sana'a haka yake zuwa, kuma wannan ya kamata ya kwantar da hankalin mai ƙaramin ƙarfi.

Yanzu mu dawo gida. Mu da ke zaune a Rido, kudu da kogin Kaduna, muna da wani darasi tsaye a gabanmu da ƙarfe da bututu, wato matatar mai. Waɗanda suka yi niyyar gina ta sun yi gani mai nisa, kuma zalunci ne a hana su wannan yabo. Ɗanyen mai yana can bakin teku, masu bukatar kananzir da fetur kuwa suna warwatse har Sakkwato da Barno. Sai suka ce, maimakon a dinga jigilar tataccen mai da motoci daga kudu, a kawo ɗanyen nan tsakiyar Arewa a tace shi. Aka ba kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan aikin a 1977, aka buɗe ta a 1980 tana iya tace ganga 100,000 a yini, a 1986 aka ƙara ta kai 110,000. Ganga ɗaya lita 159 ce, sai ka auna. Yadda aikin yake, ana dafa ɗanyen mai har ya zama tururi ya hau cikin wata doguwar hasumiya, mai sauƙi ya tashi sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa, a kowane hawa a tari nasa: iskar girki, fetur, kananzir, man manyan motoci, sa'an nan baƙin mai a gindi. Kuma da yake ɗanyen man ƙasarmu marar nauyi ne, ba ya ba da man inji da kwalta da kakin kyandir yadda ake so, sai aka raba matatar gida biyu, ɓangare ɗaya yana cin na gida, ɗaya yana cin mai nauyi da ake sayowa daga waje, kamar Benezuwela da ƙasar Larabawa. Aka ja bututu daga nan zuwa rumbunan mai na Kano da Gusau da Jos har Maiduguri. A 1988 aka ƙara mata sashen da ke fitar da sinadarin yin sabulun wanki. Dubban mutane suka ci abinci a inuwarta, daga injiniya har mai tuwo a bakin ƙofa, garuruwan da ke kewaye da ita kuma suka cika suka batse.

Duk wannan idon zuci ne ya haife shi. Amma ka lura da inda ganin ya tsaya. Ran wannan babbar ma'aikata gaba ɗaya yana rataye ne da bututu mai tsawon fiye da kilomita 600, wanda ya taso daga Eskirabos ya bi ta Warri, ya ratsa fadamu da dazuzzuka da garuruwan mutanen da ba su ga abin da bututun ya tsinana musu ba. A 2006 aka fasa shi a wani rafi da ake kira Chanomi a can yankin Neja Dalta, matatar Kaduna da ta Warri suka zauna babu ɗanyen mai kusan shekara biyu. Wanda ya rataye abincin gidansa da igiya ɗaya, wajibi ne ya kwana yana suranta ranar da za ta tsinke, ya san kuma abin da zai yi a ranar.

Sa'an nan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ma'aikata irin wannan, a ƙa'idar masu ita, bayan kowaɗanne 'yan shekaru sai an kashe wutarta gaba ɗaya, an buɗe cikinta, an wanke, an canja abin da ya ci. Wannan gyara ya dinga jinkirta, a yi shi a makare ko a yi shi rabi. Da kamfanin mai na ƙasa ya buga lissafinsa a 2020, sai aka ga a shekarar 2018 matatar Kaduna ba ta shigar da ko kwabo ba, alhali ta yi hasarar kimanin naira biliyan 64, domin albashi da hidima ba su tsaya ba. A 2023 aka sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan kimanin dala miliyan 740 don a tayar da ita. Ba zan ɗora wannan a wuyan mutum ɗaya ba, domin shugabanni da yawa sun wuce ta kanta, na soja da na farar hula. Abin da nake nufi hali ne, kuma halin yana cikinmu duka. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, amma ba a kiran maroƙa ranar yaɓe, ba a yanka sa, ba a rubuta sunan kowa a jikin bango. Saboda haka zuciyar shugaba tana gaggawar suranta ranar buɗewa, tana nauyin suranta tsatsa. Tsatsa kuwa ba ta zuwa da ganga. Tana cin ƙarfe a hankali, cikin dare, a wurin da babban mutum ba ya sunkuyawa ya duba.

Kuma ɓarna irin wannan ba ta tsayawa inda ta fara. Masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu, Kaduna Textiles, ya fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da baƙin man matatar nan suke hura tukwanensu na tururi. Da man ya yi wuya, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, injuna suka tsufa ba a sabunta ba, atamfa mai araha ta kwararo ta ɓarauniyar hanya, sai suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, ita ta farkon ta rufe a 2002. Manomin auduga na Funtuwa da Gusau ya ji a jikinsa, bai kuwa taɓa ganin hasumiyar Rido da idonsa ba. Tattaɓa kunnen Ɗantata ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, da ya tashi gina tasa matatar mai cin ganga 650,000, wadda ta fara aiki a 2024, a bakin teku ya kafa ta, inda jirgin ruwa zai kawo mata ɗanyen mai daga kowace ƙasa. Ko ita ma, hukuncinta yana wurin waɗanda za su ga yadda za a riƙe ta bayan shekara talatin.

Fasali a kan gani na biyu. Bayan ganin ranar lalacewa, akwai wani gani da ya wajaba a kan duk wanda aka ɗora wa mutane, ko sarkin ma'aikata ne ko mai shago da yara biyu, wato ya suranta kansa a matsayin na ƙasa da shi. Wannan ma aikin khayali ne, domin ba ka taɓa zama cikin fatar wani ba, sai dai ka ƙaddara. Fa'idarsa ta farko adalci. Shugaban da ya iya suranta tsayuwar awa goma sha biyu kusa da tukunya mai zafi ba zai riƙe haƙƙin lebura ya kwana ba. Wanda ya iya suranta kansa mazaunin ƙauyen da iska ke kai wa hayaƙi, yana shan ruwan rafin da ya bi ta bayan katanga, ba zai jira sai an zo masa da kuka ba, kuma mutanen garuruwan da ke maƙwabtaka da matatar nan sun sha kai irin wannan kuka. Fa'ida ta biyu kuwa riba ce tsantsa, ko da mutum bai damu da lada ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makanikin da ke kwana da inji yana jin sautinsa ya canja tun wata uku kafin ya tsaya. Idan ya san in ya faɗa za a ce masa wa ya tambaye ka, sai ya yi shiru, ranar da injin ya mutu a tara manya a yi ta mamaki.

Kun san abin da ya faru a Madina a shekara ta 5 bayan Hijira, sa'ad da rundunoni suka taho. Shawarar haƙa gwalalo ta fito ne daga Salmanu, mutumin Farisa, baƙo, wanda ya taɓa zama bawa, kuma dabara ce da Larabawa ba su saba da ita ba. Aka karɓa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shiga ramin yana haƙa tare da jama'a. Ba a bukatar shugaba ya zama shi ne mai kowace dabara. Abin da ake bukata gare shi ya iya ganin dabarar wani a zuciyarsa kafin a gwada ta, ya kuma jure cewa ba daga bakinsa ta fito ba. Wannan juriya ita ce ta yi ƙaranci. Sau da yawa yaron shago yakan ce, Maigida, da mun mayar da kayan nan gaba da sun fi tafiya, a harare shi, bayan wata biyu maigida ya aikata haka ya ce shi ya gano. Yaron ya gani, kuma ba zai sake kawo wata ba, sai ranar da ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi.

Wanda yake shakkar cewa akwai basira a hannun ƙananan ma'aikata, ya haye kogi ya shiga Panteka a cikin garin Kaduna. Zai ga mataccen ƙarfen mota ya zama injin markaɗe, gwangwani ya zama murhu, tarkacen alminiyam ya narke ya koma tukunyar biki. Yawancinsu ba su da takardar shaida ko ɗaya. Suna duban abin da aka yar su ga abin da zai zama. Haka kuma Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san randa tana sanyaya ruwa, domin damshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi idan iska ta busar da shi. Shi sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya zuba kayan lambu a ciki. Gautan da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27. Aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Abin da ya fara gani a zuci shi ne manomin da ke karyar da kayansa da yamma don tsoron su ruɓe, da yarinyar da ake hana makaranta don ta yi tallarsu kullum. Tukunyar daga baya ta zo. Kuma ita ma tana da iyakarta, tana aiki ne a busasshen zafi, da damina ƙarfinta yakan ragu, mai gaskiya kuwa yakan faɗi iyakar dabararsa tun kafin a saya.

Idan wani ya ce, ai mu abin da muka tarar iyayenmu suna yi shi muke yi, sabon abu kuwa bidi'a ne, sai mu ce masa: bidi'ar da malamai suka yi gargaɗi a kanta tana cikin al'amarin ibada, amma yadda za ka ɗaure kaya, ko ka ajiye tumatir, ko ka tsara lissafin shago, wannan fili ne da aka bar wa hankali, matuƙar babu algus babu zalunci. Kuma iyayen da kake kafa hujja da su, su ne suka bar jaki suka hau jirgi, suka bar wuri suka karɓi sule. Idan kuma wani ya ce, to ashe duk abin da zuciya ta suranta sai a bi, sai mu ce a'a. Ana gwada sabuwar dabara ne da abin da in ya salwanta gida ba zai kwana da yunwa ba. Falke mai hankali yakan aika buhu biyu sabuwar kasuwa kafin ya aika mota. Kuma haramun ne ka yi gwaji da dukiyar da aka ba ka amana ba da sanin mai ita ba, ko da kana ganin ribar ƙuru-ƙuru a zuciyarka, domin abin da kake gani shi bai gan shi ba, bai kuma yarda ya ɗauki hasararsa ba.

Akwai wata tambaya da ya kamata mai sana'a ya yi wa kansa ranar da ya sayi sabon inji, ko keken ɗinki ne ko injin niƙa ko janareto, tun yana cikin kwalinsa: wane ƙarfe ne zai fara ci a jikinsa, a ina ake sayar da shi, nawa ne, wa ya iya sa shi a garin nan, kuma idan wannan mutum ya yi tafiya wa ya koya wa? Sa'an nan ya ware kuɗin wannan ƙarfe daga cinikin makon farko, ya ƙulle su daban, ya kira yaron da zai dinga tayar da injin ya zaunar da shi kusa da makanike tun ranar da za a ɗaura shi.